Wutar Tukubar Tayyib

Tayyib ya bar wutarsa a hannun wani, ya tafi Safana sayar da takunkumi. Abin da ya lalace ke nan. Korona ba ta taɓa shi ba, ko atishawa bai yi ba duk shekarar, amma in ka tambaye shi yau zai ce maka ita ta cinye shi. Ran da ya tashi da baƙin rai kuma ya ce ni ne. To ni zan faɗi yadda aka yi, wanda ya ji ya yanke hukunci.

Sunana Mani. Mahauci ne ni a kasuwar Batsari, ɗanyen nama nake sayarwa a kan tebur. Tayyib ɗan kawuna ne, wato taubashina, tun muna ƙanana "bawana" yake ce mani, don ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Shi tsire yake yi, kuma wurina yake ɗaukar nama. Tukubarsa tana bakin ƙofar kasuwa, gindin wata tsohuwar tsamiya, inda duk wanda ya sauko daga mota ko babur hayaƙi ne ke fara gaishe shi kafin mutane. Kakanmu ya gina ta, kawu ya gada, Tayyib ya gada. Tudun ƙasa ne da toka kawai, in ka gan ta ba wuta ka ce gidan tururuwa ne. Amma ita ta aurar da Tayyib, ita ta yi masa rufin kwano.

Tukuba ba ta da takarda. Abin da ke riƙe ta wuta ce. A wurinmu rundawan garin nan, wato mahauta, in ranar kasuwa ta zo ta wuce ba a ga hayaƙi a tukubarka ba, Sarkin Fawa yana da ikon ba wani. In tafiya ta kama ka, ko ciwo, sai ka bar wani ɗan fawa ya riƙe maka wuta. Ran da ka dawo, ka ɗebo ruwa ka kashe tasa da hannunka, ka hura taka, ka ba shi tukuici, shi ke nan wurinka ya dawo. Amma kafin ka yi haka, kada ka kuskura ka karɓi nama daga hannunsa ka kai baki. Mai gida ba a yi masa baƙunci a gidansa. In ka ci, ka shaida da bakinka cewa shi ne mai wuri, kai baƙo ne. Wannan ba a rubuce take ba, amma babu ɗan fawan da bai sha ta a nono ba. Tayyib ya san ta fiye da yadda ya san Ƙulhuwallahu.

Da aka fara maganar korona a rediyo, mu dariya muka yi ta yi. Muka ce ciwon masu hawa jirgi ne. Ba mu ankara ba sai aka ce an rufe makarantu, aka ce a rage taro, aka hana biki, sai ga shi ana raɗe-raɗin za a rufe kasuwanni. Nan fa kowa ya fara duban sana'arsa kamar matar da ya gaji da ita. Mai shayin da ke gefenmu ya kife tukunya ya tafi Karare wai zai yi sharar gona, ko hadari bai fara haɗuwa ba. Mai hayar kujerun biki ya koma sayar da ƙanƙara. Ni na lura da abu ɗaya: ba yunwa ce ta fara korar mutane daga sana'a ba, yunwar ba ta ma iso ba tukuna. Zaman banza ne da jin labari. Mutum yana zaune ba ciniki, kunnensa a buɗe, duk wanda ya zo wucewa sai ya zuba masa wani abu a ciki.

Wanda ya zuba wa Tayyib nasa Malam Musaddiq ne, wani malamin makaranta da aka turo aiki Safana. Mutumin kirki, ba na zarginsa da komai. Duk ranar kasuwa yakan zo a babur ya ci tsire, ya karanta mana labarin duniya a waya. Ran nan ya zo da wani ƙyalle ɗaure a baki, ya ce sunansa takunkumi. Na ce mu dai jaki muka san ana sa wa. Ya ce ai yanzu duniya ta canza, nan da wata guda ba mai fita ƙofar gida sai da shi, har liman sai ya sa zai ja salla, kuma abin ya zo ke nan har jikokinmu. Ya ce wanda ya riga kowa tara shi, shi ne alhajin gobe. A Safana ma'aikata sai nema suke, babu.

Na ga idon Tayyib ya tsaya. Na san wannan tsayuwar, ita ya yi shekarar da ya sayi zabi wai zai yi kiwo, suka tashi sama da safe ba su dawo ba.

Kafin kasuwa ta zagayo ya sayar da ragunan da ya tanada na azumi, ya sayi yadi, ya kai wa Mannir tela. Mannir ɗin nan shagonsa na jikin katangar kasuwa, ƙofar bayansa tana kallon tsamiyar Tayyib, iyalinsa ma nan bayan shagon suke. Asalinsa ɗan fawa ne, ubansa mahauci ne a Karare, amma shi tun yana saurayi ya ce ba ya son ƙarnin jini, ya tafi Katsina ya koyo ɗinki. In zai wuce ta gaban teburina hanci yake toshewa da hankici mai turare. Shekarar nan shi ma ta matse shi, don ba biki ba suna, kuma ana cewa ko Idi ba za a je ba, wa zai ɗinka sabon kaya ya sa wa bangon ɗaki? Sai ga Tayyib da yadi. Mannir ya taka keke dare da rana, ya cika masa buhu taf da takunkumi, shuɗi da kore da mai furanni.

Na ce wa Tayyib mutum ba ya barin abin da ake ci ya koma abin da ke hana ci. Matarsa Tasalla ma ta faɗa masa, ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda ya ƙoshi da ƙyalle ba. Ya ce mu ba mu san zamani ba.

"Bawana, riƙe mani wuta," ya ce da ni yana ɗaure buhu a bayan babur ɗin haya. "Kasuwa biyu kawai. In na dawo zan saya maka sabuwar wuƙa, ka daina yanka da wannan cokalin."

Ya ja nasa takunkumin ya rufe baki, shuɗi mai ɗigon fari, ya ƙara da baƙin tabarau. Duk Batsari a lokacin shi kaɗai ke yawo haka, in ka cire ma'aikatan asibiti.

Bai yi kwana uku a can ba aka ce an samu mai ciwon a yankin, an kulle Safana, ba shiga ba fita. Malam Musaddiq ya samu labari da wuri ya gudu garinsu, ya bar wa Tayyib ɗaki da tabarma da risho ba kananzir. A satin nan kuma aka rufe kasuwarmu.

Na je wurin Sarkin Fawa, tsoho ne ƙwarai, gemu fari fat, amma kansa garau. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida da iyali da zafi da wannan masifa da ta shigo, na tambaye shi ko dokar wuta tana aiki tunda kasuwa a rufe take. Ya ce gwamnati ta rufe kasuwa, ba ta rufe Alhamis ba, ranar kasuwarmu. Shi dai daga ƙofar gidansa yana hango kan tsamiya, in ya ga hayaƙi ya gani, in bai gani ba bai gani ba.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗauki itace da ashana na tafi. Kasuwa fayau, sai awaki da leda. Na hura wuta a tukuba, na zauna ina fifita. Ba nama, ko tsinke babu. Ƙato da ni, da gemu da tumbi, ina fifita wutar da ba ta gasa komai.

Hayaƙi ya tashi. Mutane kuwa sun gaji da zaman gida, kowa yana neman dalilin fita. Sai ga su ɗai-ɗai. Kowa ya zo sai ya leƙa ya ce ina naman, in ce babu. Ba wanda ya yarda. Wani ya ce na ɓoye ne sai masu hannu da shuni sun zo. Can wata tsohuwa ta tsaya ta dube ni, ta dubi wutar, ta ce wa ta kusa da ita ai wannan ba tsire ba ne, turaren maganin korona ne, rundawa sun san sirrin tun kaka da kakanni. Kafin in buɗe baki magana ta zaga gari. Mata suka fara aiko da kasko a ɗebar masu garwashi. Wani dattijo ya durƙusa ya kara fuska a hayaƙin yana shaƙa har ya yi tari, ya tashi ya ce wallahi ya ji sauƙi, alhali da lafiyarsa ya zo. Na rantse masu itacen marke ne na gidana. Suka ce ai dama mai magani ba ya faɗi.

Haka masu tsaron dokar kulle suka same mu, mutum ya fi na sallar Juma'a. Kowa ya watse, saura ni da mafici. Babbansu ya tambaye ni me nake sayarwa, na ce ba komai. Me nake dafawa, na ce ba komai. To me ya kawo ni? Na ce wuta nake riƙe wa taubashina. Ya juya ya dubi na bayansa, ya ce wannan ko dai ciwon ya hau masa kai ko kuma raina su nake. Suka zaunar da ni a rana, suka sa na wanke hannu da sabulu har tafina ya yi fari kamar na jariri, abin da bai taɓa yi ba tun da na fara riƙe wuƙa. Da za su sake ni suka ce in aka ƙara ganina kusa da kasuwa, killace ni za a yi sati biyu a ɗakin da ba kowa.

Ni ba na tsoron duka. Amma a rufe ni ni kaɗai ba wanda zan yi wa gardama, wannan ba zan iya ba.

Shi ne na tuna da Mannir. Ɗan fawa ne ko ya ƙi ko ya so, kuma daga ƙofar bayansa zuwa tukuba taku kaɗan ne, ba sai ya bi titi ba. Na kira Tayyib a waya na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce da a ba wani mahaucin gaske gara a ba Mannir, mutumin da ke gudun ƙarni ai ko an ba shi tukuba kyauta ba zai karɓa ba. Da bakinsa ya ce a ba shi. Ina so a riƙe wannan, don yanzu yana musu.

Mannir ya yarda da kyar, ya ce hayaƙi zai ɓata masa yadi. Na ce wane yadi, shagonka ko zare ba ya motsi. Alhamis ta farko ya hura 'yar wuta ya koma ciki da gudu. Ta biyu matarsa Larai ta ce wannan almubazzaranci ne, itace na ci a banza ga yara ba abin kirki a ciki, ta miƙo masa dankali ya tura a toka. Azumi ya kama. Ran nan sai ga Mannir a zauren gidana, inda nake ɗan yanka akuya a ɓoye ina sayar wa maƙwabta. Ba hankici a hancinsa. Ya yi ta kame-kame, ya tambayi lafiyar kowa har da jakin maƙwabcina, sannan ya ce ko akwai 'yar hanta, Larai ce ke sha'awa.

Na sayar masa. Washegari ya dawo, ya ce da ɗan kitse. Bayan nan cinya guda. Tayyib yana cewa da ban sayar ba da ba a kai ga haka ba. Ni mahauci ne. Nama ba ya tambayar sunan mai saye, kuma ba ya jiran taubashi ya dawo daga Safana.

Abin da ban zata ba shi ne hannun Mannir. Jini ba ya ƙarya. Yanka yake kamar yana yanka wuyan riga, kowace tsoka daidai da 'yar'uwarta, ya jera a tsinke kamar maɓalli. Ƙuli-ƙulin kuma daga Karare uwarsa ke aiko masa, na gyaɗar gonarsu, da wani haɗin yaji da ubansa ya mutu ya bari ba wanda ya tambaya. Dab da magariba sai ya kafa tsinke, kowa ya zo ta lungu ya karɓa a takarda ya wuce, ba taro. Masu tsaron da suka wanke mani hannu ma ta nan suke biyowa su sha ruwa. Ya kuma ɗauki wata al'ada, da an kira salla sai ya zare tsinke ɗaya ya miƙa wa duk baƙon da ya gani tsaye, sadaka. Wutar da aka ce ta Alhamis ta koma ta kullum.

Shi kuwa uban tafiya, Tayyib, yana can. In ya samu caji ya kira ni, labarin duk iri ɗaya ne. Mutanen Safana suna cikin gida, wanda ke cikin gida ba ya sayen abin fita. Ya saci hanya ta gona ya je Babban Duhu, suka ce su da rawani suke rufe baki tun kafin a haifi korona. A Tsaskiya wani Bafillace ya juya guda ɗaya ya duba ɗinkin, ya saya, ya ce zai gwada a bakin maraƙi ko ya bar tsotson uwar. Daga nan kuma aka fara rabon takunkumi kyauta, mutane suna karɓa suna sa goro a ciki. Ya ce da garin kwaki yake sahur, da shi yake buɗa baki.

Na ce masa ya dawo, wutarsa ta fara yin ƙiba a hannun wani. Na ce kuma in ya iso, bakinsa a rufe har sai ya zuba ruwa ya hura tasa.

"Ni za ka koya wa fawa, bawana?" ya ce. "A tukubar nan aka yanke mani cibi."

Ana saura kwana kaɗan Salla aka sassauta, aka ce a ci kasuwa yini ɗaya mutane su yi cefane. Na fito da teburina. Sarkin Fawa ma ya sa aka kawo masa benci gindin tsamiya, ya ce ya yi kewar hayaniya. Tayyib ya kira da safe ya ce ga shi nan tafe. Azahar ba shi, la'asar ba shi. Ashe mai babur ɗin da ya ɗauko shi ya hango shinge a hanya, ya sauke shi ya juya, sauran tafiyar a ƙasa ya yi ta, ta cikin gonaki, da buhu a ka, a zafin nan da ke gaban damina. An ce masa matafiyi yana iya ajiye azumi, ya ce shi ba ragon namiji ba ne.

Rana ta faɗi, ladan ya ɗaga murya. Ina tsugune bayan teburina da buta ina kuskure baki, sai na hango mutum ya shigo ƙofar kasuwa yana tangaɗi, ƙura har gira, baƙin tabarau, takunkumi shuɗi mai ɗigon fari. Ya sauke buhu gindin tsamiya. Randar ruwa tana nan gefen tukuba, da moɗa a kai, hannu kawai zai miƙa. Sai iska ta juyo da hayaƙin nan ta watsa masa a fuska.

Mannir ya zare tsinke, mai kitse yana ɗiga, ya miƙa.

"Bawan Allah, sha ruwa."

Na miƙe na kira sunan Tayyib, amma kasuwa ta ɗauki hayaniyar buɗa baki, kowa na kiran wani. Abin da ke hannuna na jefa, buta ce. Ban taɓa iya jifa ba. Ta wuce Tayyib ta faɗi gaban Sarkin Fawa ta jiƙa masa ƙafa. Tsoho ya ɗago kai don ya ga wanda ya jefe shi, idonsa ya sauka daidai kan Tayyib, wanda ya ja takunkumi ƙasa, ya yi bisimilla, ya zuge tsinken nan tas.

Da na iso ina haki, ya lumshe ido yana tauna. Ya buɗe, bai ma gan ni ba, ya miƙa wa Mannir hannu.

"Kai, wannan yajin fa? Ƙaro ɗaya."

Mannir ya ƙara masa. Sai da ya kai rabin na biyun ya tsaya da tauna. Ya dubi tsinken, ya dubi tsamiya, ya dubi Sarkin Fawa da ke matse bakin wando. Tofarwa ko haɗiyewa, duk ɗaya ne a lokacin. Ya haɗiye.

Washegari da hantsi muka taru a zauren Sarkin Fawa, mu rundawa da abin ya shafa. Aka gaisa, aka tambayi azumi da gajiya da iyali, aka yi addu'ar Allah ya yaye wannan annoba. Tayyib ya fara magana ya daɗe. Ya kawo kakanmu, ya kawo kawu, ya kawo tafiyar ƙasa da garin kwaki. Ya ce shekarar korona ba shekara ba ce, ko Makka an rufe, to wace al'ada ce ta fi Makka? Ya ce kuma tarko aka ɗana masa, Mannir ya san shi sarai.

Sarki ya juya wurin Mannir. Mannir ya sunkuyar da kai, ya ce shi baƙo ya gani, mai azumi, fuska a rufe, ido a rufe. Ya ce kullum haka yake yi da magariba, kowa shaida ne. Ta ina zai gane mutum ba hanci ba baki?

"Kai ka ɗinka shi," in ji Tayyib. "Da hannunka ka ɗinka takunkumin nan."

"Buhu guda na ɗinka, Yaya Tayyib. Na ɗauka ka sayar, na ce ko wani ne cikin masu saye."

Wani daga baya ya ce ai da an tambayi maraƙin Tsaskiya. Aka yi dariya, Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru. Na san duk garin mutum ɗaya ke yawo da shuɗi mai ɗigon fari, kuma na san Mannir da ido kamar allura. Amma zuciyar mutum Allah kaɗai ya san ta, kuma sadakar magariba ba ran nan ya fara ba.

Tsoho ya shafa gemu. Sannan ya ce shi ba zai zalunci ɗan marigayi ba. Mutum ya yini da ƙishirwa, ya yi tafiyar ƙasa, an kira salla, an miƙo masa abu, ko mushe ne shari'a ta yi masa rangwame.

"Tsinken farko na azumi ne, na yafe shi," ya ce. Tayyib ya fara murmushi yana gyara zama. "Na biyun fa, Tayyib? Miƙo maka aka yi, ko kai ka roƙa?"

Tayyib ya ce ranka ya daɗe, yajin ne.

"To ai shi ke nan. Wanda ya tsaya gaban tukuba ya ce a ƙaro, mai saye ne. Ni da kunnena na ji, ƙafata a jiƙe."

Ya ce tsamiya ta Mannir ce. Ya ce kuma ba za a bar ɗan gida ba wuri, a ba Tayyib fili ya gina sabuwa. Filin da ya rage shi ne can ƙarshen kasuwa, bayan 'yan gawayi, jikin turken jakuna.

A waje Mannir ya biyo mu, ya ce wallahi bai so haka ba, in Yaya Tayyib yana so ga keken ɗinki nan ya ɗauka kyauta, shi ya gama da shi. Tayyib ya ce ya riƙe kekensa ya ɗinka wa kansa likkafani. Tasalla da ta ji hukuncin ba ta yi kuka ba, cewa ta yi a kawo buhun ta gani ko zai yi tatar koko. Bai yi ba, yadin ya cika kauri.

Korona ta zo ta wuce. Mai shayi ya dawo daga Karare ya tayar da tukunyarsa, mai kujeru ya koma kujeru. Malam Musaddiq ma ya dawo, baki buɗe, yana cin tsire gindin tsamiya yana karanta wa Mannir labarin duniya. Ni ina nan kan teburina inda aka bar ni, su biyun duka wurina suke ɗaukar nama, Mannir cinya, Tayyib abin da ya samu. Har yau bawana yake ce mani, sabuwar wuƙar kuma ban gan ta ba.

In ka shigo kasuwar Batsari ranar Alhamis, ka wuce tsamiya, ka wuce 'yan hatsi da 'yan gawayi, ka bi warin jakuna, za ka same shi yana fifita. Iska a can baya take kai hayaƙi, daji take kai shi, ba wanda yake gaisarwa. Za ka gane shi da sauƙi, shi kaɗai ne mai takunkumi a garin, saboda jakunan. Buhun ko rabi bai yi ba. Tukubar kakanmu ta bakin ƙofa kuwa, wadda ta ci da gida uku, a kan tsinken tsire ɗaya da rabi ya sayar da ita.